BAYANIN JAKAR KEKE DA SHARUƊƊAN KYANTA

Wannan bayani ne a kan jakar tamfol da akan ɗaura wa keke, wadda waɗansu ke kira mangalar keke. Abin a ido ƙarami ne, har wani ya ce bai kai a ɓata masa tawada ba. Amma wanda ruwa ya taɓa dukansa a hanya, ya iso gida ya kwance jaka ya tarar littafin da ya gada wurin mahaifinsa ya jiƙe, baƙi ya bi baƙi, ko kuwa sukari da gishirin da ya karɓo bashi sun narke sun haɗu, to, shi ya san nauyin maganar. Darajar jaka gwargwadon abin da aka ba ta ajiya ne.

Asalin abin

Mutanen Zamfara ba baƙi ba ne ga sha'anin ɗaurin kaya. Tun ba a taɓa jin ƙararrawar keke ba, fatake suna bin hanyoyin Zurmi da Shinkafi da jakai da takarkarai, kowane kaya kuwa da mazubinsa. Taiki da waga na manyan kaya ne, mangala mai ɗaki biyu ta jaki ce, burgami na guzuri da ƙananan tarkace, gafaka kuwa ta littafi. Masu jakai sun bar wa na baya ƙa'idodi uku. Na fari, nauyi ya zo daidai hagu da dama, har in gefe ɗaya ya rinjaya akan ƙara wa ɗayan dutse. Na biyu, a sa akumari tsakanin kaya da bayan dabba. Na uku, a ɗaure tamau kada kaya ya yi lilo. Keke da ya zo bai soke ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa da Gusau ta iso Ƙaura Namoda, nan kuwa ta tsaya. Garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, keke ya shigo tare da sauran hajar kanti. Wanda ya fi suna shi ne Raleigh na Ingila, wanda jama'a ke ce wa Rali, sai Hercules da Phillips. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. Dillalan gyaɗa da ma'aikatan En'e da 'yan koli da wanzamai da malamai masu zuwa tafsiri ƙauyuka duk suka hau, kowa kuwa da abin da yake so ya ɗauka. Daga nan mangala ta sauka daga bayan jaki ta hau kariya, watau ƙarfen nan na baya da akan ɗora kaya a kansa.

Da babur ya yawaita sai aka jingine keke a zaure. Amma zamani riga ne. A shekarar 2021, saboda ɓarnar 'yan fashin daji, gwamnatin Jihar Zamfara ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur, ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci. A watan Mayu na 2023 kuma aka janye tallafin fetur, kuɗinsa ya ninka fiye da biyu cikin 'yan kwanaki. Mutane da dama suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu suka kai wa mai gyara. Ga mutumin Banga da ƙauyukan da ke kewaye da ita kuwa akwai wani abu ƙari. A hanyar da ake gudun la'asar ta yi wa mutum a daji, jakar da ta yage ta zubar da kaya, ta tilasta shi tsayawa yana tsince-tsince, ba dukiyarsa kaɗai ta jefa cikin haɗari ba.

Abin da aka yi a Ingila

Audugar da aka riƙa gurzawa a Gusau da Funtuwa zamanin Turawa, akasarinta masaƙun Lankasha ta Ingila ta nufa. A wannan lardi akwai wani garin masaƙa, sunansa Nelson. Nan ne wani mutum, Wilf Carradice, ya fara ɗinka jakunkunan keke wajen shekarar 1932, har sunansa ya zama sunan kamfani. Jakarsa ta ƙyallen auduga ce mai kauri, matsattsen saƙa, wanda aka shayar da kaki. Tana rataye a bayan sirdi a gicciye, da sanda a cikinta daga sama don kada ta lanƙwashe, da maɗauran fata biyu da ke shiga kunnuwan sirdi, da na uku da ke kama ƙarfen da sirdi ke zaune a kai. Ingila ƙasar ruwa ce, duk da haka mahaya suka amince da auduga. Dalili kuwa shi ne, zaren auduga in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya kumbura sai ƙofofin saƙa su toshe, ruwan farko ya zama shi ne ya rufe wa na baya hanya. Wata al'adarsu kuma abar lura ce, wanda ya ɗinka jaka yakan rubuta sunansa a cikinta. Za a komo kan wannan a gaba.

Sharaɗi na farko, ƙyalle

Tamfol iri-iri ne, sunan ɗaya ne amma hali ya bambanta. Mai saye ya ɗaga ƙyallen ya duba rana ta cikinsa. In ya ga haske yana tsattsafowa kamar ta rariya, to, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sa'an nan ya murza gefe da yatsa. In fari ya zubo kamar gari, sitaci ne aka cika ƙofofin da shi, wanki ɗaya zai tona asirinsa. In mai haja ya yarda, a loƙa ƙyallen a tafin hannu a zuba masa ruwa kaɗan a jira gwargwadon alwala. Na kirki zai yi sanyi ta ƙasa amma ba zai ɗiga ba.

Masu ɗinki da yawa da tsohon tamfol na babbar mota suke aiki, don ya fi araha. Ba laifi in yana da sauran ƙarfi. A ja shi da hannu biyu a wurin da ya koɗe, in ya yi ƙara kamar zai tsage, rana ta riga ta cinye shi. A kuma sansana. Wanda ya sha baƙin mai, ko aka rufe takin zamani ko maganin ƙwari da shi, bai dace da jakar da za a zuba abinci ko goro ba. Haka buhun da aka zuba waɗannan abubuwa, kada a yi shafin ciki da shi.

Akwai kuma tamfol na leda mai sheƙi. Ranar da aka saye shi ya fi na auduga tsare ruwa, wannan gaskiya ne. Aibinsa shi ne zafin bazara yakan busar da shi ya tsattsage a wuraren lanƙwasa, hujin allura a jikinsa ba ya rufewa, ruwan da ya shiga kuwa ba shi da mafita, sai ya kwanta a gindi. Yakan kuma yi gumi ta ciki, gumi kuwa maƙiyin takarda ne. Na auduga shi ma yana da nasa aibi, yana da nauyi, in an ajiye shi a jiƙe yakan yi fumfuna, gara da ɓera suna sonsa. Amma yana karɓar faci, yana karɓar kaki, yana tsufa sannu a hankali, ba ya mutuwa rana ɗaya.

Sharaɗi na biyu, ɗinki

Jaka ba ta cika mutuwa a tsakiyar ƙyalle ba, a ɗinki take mutuwa, sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Saboda haka mai saye ya juya ta ciki waje kafin ya yi tayi. Ya duba ko an kalmashe bakin ƙyalle an bi shi sau biyu, ko kuwa an haɗa baki da baki ne aka bi sau ɗaya aka bar zare yana zarewa. Ya ja ɗinkin hagu da dama, in ya ga haƙoran zare sun bayyana, ɗinkin sako-sako ne. Kada kuma ya ruɗu da ɗinki mai yawan matsi. In hujin allura ya yi kusa da juna ƙwarai, ƙyalle yakan tsage ta nan kamar yadda kan sarki ke rabuwa ta hujinsa. Matsakaici shi ne daidai, da zare mai kauri wanda aka goga wa kaki.

Gwanin maɗinki yakan yanka baya da gindi da gaba daga ƙyalle guda, don kada ɗinki ya faɗo a ƙasa inda nauyi ke taruwa, ko a saman marfi inda ruwa ke sauka. Sa'an nan ya ninka gindin.

Wurare uku ne suka fi shan wuya, kusurwoyin gindi, da inda jaka ke gogar ƙarfe, da tushen maɗauri. Nan ne aikin tela ya ƙare, na baduku ya fara. Ƙasar nan ba ta rasa fata ba. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka sa mata sunan Maroko don ta can ta riƙa isa gare su. Ita ce ta dace da bin baki, don taushinta. Maɗauri da kusurwa kuwa sai ƙirgi. Ba a ɗinka maɗauri a kan ƙyalle tsura, sai an sa wata fata ta ciki ta tare, ƙyallen ya zauna a tsakiya, nauyi ya bazu. In za a buga ƙusa, ta tagulla ta fi, domin ta baƙin ƙarfe takan yi tsatsa da damina, tsatsa kuwa takan ci ƙyallen da ke kewaye da ita har ƙusar ta fita da kanta.

Sharaɗi na uku, marfi

Jaka a ƙasar nan da abokan gaba biyu take fama, ruwan damina da ƙurar hunturu. Marfi ya kasance ya fi bakin jaka faɗi, ya sauko gaba da gefuna akalla yatsa huɗu, kamar yadda indararo ke nisanta ruwa daga jikin soro. A ƙarƙashinsa a yi wuya na ƙyalle mai laushi da igiyar zarge, irin na bakin burgami, shi ne ke tsare ƙura. Zif yana da kyan gani da saurin buɗewa, amma rairayi yakan cinye haƙoransa, in ya lalace a hanya kuwa ba dabara. Maɗaurin fata mai huji da yawa ya fi, don in kaya ya ƙaru a sassauta, in ya ragu a matse, in ya tsinke ko igiyar rama ta tsaya masa har gida.

Sharaɗi na huɗu, zamanta a kan keke

Jakar keke iri uku ce. Akwai 'yar ƙarama da ke rataye a gindin sirdi, irin wadda Rali kan zo da ita, ta sifana da faci da sholisho. Akwai matsakaiciya ta bayan sirdi, irin ta Ingila da aka ambata, ta riga da buta da guzuri. Sharaɗinta ta tsaya sama da taya da kamar yatsa uku bayan an cika ta, in ba haka ba taya za ta huda gindinta a tafiya guda. Sai ta uku, mangala mai ɗaki biyu da ke hawa kariya, ita ce ta ɗan kasuwa, ita ce kuwa ke bukatar ƙa'idodin masu jakai.

Bayan kowane ɗaki, watau gefen da ke fuskantar ƙafar keke, tilas a sa masa abu mai tauri, ko falankin katako marar kauri ko busasshen ƙirgi. Wannan shi ne akumarinta. In babu shi, ƙyalle yakan lotsa ya shiga wayoyin ƙafa, ƙafar ta tsaya cak, mahayi ya faɗi, wayoyi su karye. A gindin kowane ɗaki a sa ƙugiya ko igiyar roba ta tsohon tib, a kama ƙarfen keke da ita, don hana lilo. Kusurwar gaba ta ƙasa kuma a yanke ta a karkace, don diddigen mahayi ya sami wurin wucewa. Mai saye ya zo da kekensa, a ɗaura, ya hau ya taka. Jakar da ke dukan diddige ba ta gyaruwa da haƙuri. Ya lura kuma kada ta bar wurin da bakin riga zai shiga tsakaninta da taya.

Wajen lodi, mai nauyi a ƙasa kuma kusa da ƙafa, marar nauyi a sama. A ɗaga ɗakunan biyu a gwada su da hannu kafin a ɗora. Keke mai rinjaye gefe ɗaya yakan gajiyar da kafaɗa, a cikin rairayi kuwa yakan kayar. In kaya ya yi baya da yawa, kan keke yakan yi sakayau ya riƙa rawa. Kuma girman jaka ba izini ba ne na cika ta, abin da wayoyin ƙafa za su iya shi ne iyaka. Ɗan koli ya sa a raba masa ciki, kananzir da sabulu da turare gefe guda, sukari da ganyen shayi da goro ɗaya gefen, domin wari in ya kama haja ba ya sakinta.

Mas'alar littattafai

Wannan ta malamai ce da almajirai. Littafin hannu ba ɗinkakke ba ne, warƙa-warƙa yake a cikin tadarishi, abin da ke riƙe da jerinsa kuwa kalmar nan ce da marubuci kan ajiye a gindin shafi don ta nuna mafarin na gaba. Tawadar gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ruwa kuwa yana narkar da ƙaro. Littafin ɗab'i in ya jiƙe a shanya shi ko a sayi wani. Na hannu in tawadarsa ta gudu, aikin watanni ya tafi, wani lokaci ma babu wani kofi nasa a duniya. Girgizar hanya kuma takan sa gefen warƙa ya riƙa gogar jaka har ya cinye, a gefen nan kuwa ake rubuta sharhi da fassarar ajami.

Saboda haka jakar keke ba ta maye gurbin gafaka ba. A ɗaure tadarishi, a sa a gafaka, a naɗe da ƙyalle, sa'an nan a sa a jaka a tsaye, a cusa tufa a gefe kada ya motsa. In damina ce a ƙara leda daga waje, amma a cire ta da an sauka. Kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da buta ko kwalbar tawada ko man shafawa. Game da Alkur'ani mai girma kuwa, malamai da yawa ba su yarda a sa shi a bayansu ko ƙasa da mazauninsu ba, jakar sirdi da mangala kuwa duk can suke. Ladabi shi ne a rataya gafakarsa a kafaɗa ta sauko ƙirji, ko a ɗinka masa jaka ta musamman a gaba, a kan keke, inda ido ke ganinsa. Maɗinkin da ya fahimci wannan ya sami kasuwa wurin malamai.

Haƙƙin mai yi da mai saye

Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san an hana algus da ɓoye aibin haja, an kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya tarar da aibi wanda ba a gaya masa ba. Ruɓaɓɓen tamfol da aka shafa wa shuni, da kwali da aka sa a madadin katako aka rufe da shafi, da leda mai kama da fata da aka sayar da sunan fata, duk sun shiga wannan babi. Sayar da tsohon tamfol halal ne in an ce tsoho ne. Har wa yau a mazhabar Malik mai sana'a yana lamunin abin da aka ba shi ya yi aiki a kai, saboda haka wanda aka kawo wa ƙyalle ya yi hankali da almakashi.

Nan ne al'adar rubuta suna take da fa'ida. Da teloli da dukawan Ƙaura da Zurmi da Shinkafi za su riƙa sa alamarsu a cikin marfi, da mai aikin kirki ya sami masu nemansa daga nesa, mai ha'inci kuwa ya rasa wurin ɓuya. Mai saye shi ma da nasa haƙƙi. Wanda ya matse maɗinki a tayi har ya kai shi ƙasa da kuɗin ƙyalle da fata, shi ya koya masa rage zare. Ya yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Jakar rabin kuɗi da ke mutuwa kowace damina, a damina ta uku ta riga ta fi mai tsada ci, ban da hasarar abin da ta zubar. Araha ba ta ado.

Kiwonta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ruwan farko a zazzage jaka, a goge ta da busasshen tsumma, a goga mata kakin zuma ko kyandir, musamman a kan ɗinki, a bi da dutsen guga mai ɗumi har kakin ya nutse. Kada a shafa wa ƙyallen man gyaɗa ko baƙin mai, na farko yana kiran ɓera da kiyashi, na biyu yana ɓata duk abin da ya taɓa. Maɗauran fata kaɗai akan ɗan shafa wa man kaɗe da hunturu don kada su tsage. Kada a wanke ta da garin sabulu, yana cire kaki. In ta jiƙe a buɗe ta a shanya a inuwa mai iska. Da dare a rataye ta, kada a bar ta a ƙasa wurin gara. Hujin da ya kai ƙwayar gero a toshe shi a ranar.

Allah ya tsare matafiya da abin da suka ɗauko, ya sanya albarka a sana'ar masu sana'a, ya mayar wa hanyoyin Banga da Ƙaura da Zurmi da Shinkafi amincin da aka san su da shi, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin. Haza wassalamu.